Kwanar Hagu

Motar Injiniya ta tsallake layin ƙarshe, talabijin ta cika da tafi da tartsatsin wuta, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Idonsa na kan yatsun matarsa.

"Kai, yau ma?" in ji Gwana, ta jefa hannun gem ɗinta a kan kujera. "Maigida, ka zama dodo. Mu dai sai haƙuri."

"A kwanar gada me ya sa kika taka birki?"

"Yatsana ne ya zame."

"Jiya ma a nan ya zame."

"To, wurin ne ba ya so na." Ta miƙe tana gyara ɗankwali, ta ɗauki jakarta. "Na makara. Ka sha maganinka, yana kusa da kofin shayi."

Ta fita da sauri zuwa shagon maganin da take aiki, ta bar shi da kiɗan nasara yana ta maimaita kansa a falo.

Shekara goma sha shida da aurensu, kuma a shagon gem ya fara ganinta. Ta zo kiran ƙanenta ne, wani ya yi mata tsiya cewa mata ba su iya tsere ba, ta zauna ta karɓi hannun gem, ta cinye duk wanda ke kan bencin ɗaya bayan ɗaya, har da shi. Tun ranar ake ce mata Gwana. A duk zamansu, in ya ci ta sau ɗaya cikin goma, sai ya yi mako yana ba abokai labari. Yanzu kuwa, tun da ya dawo daga asibiti, tara yake ci cikin goma.

Wata uku ke nan da abin ya same shi. Yana zaune a teburinsa na gyaran waya a kasuwa, hantsaki ya suɓuce daga hannunsa na hagu, ya sa hannu zai ɗauka hannun ya ƙi zuwa. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma mai sauƙi, ya gode wa Allah. Baki ya dawo daidai, ƙafa ta dawo. Ma'aikaciyar asibiti mai gasa masa jiki ta ce ya riƙa yin gem kullum, domin juya ɗan maɓallin tuƙin nan da babban yatsa motsa jiki ne mai kyau. Kowa na cewa ya warke. Gwana na faɗa, yayyensa na faɗa, mai gasa masa jikin na tafa masa kamar yaron da ya iya karatu. Yawan faɗar ne ya fara damunsa.

Da bai damu sosai ba in ba don yau ba. Akwai wata malamar makaranta da wayarta ta faɗa bokitin ruwa, kuma a cikin wayar akwai saƙonnin murya na mahaifiyarta da ta rasu. Allon cikin wayar, wanda ke ɗauke da injinta, ya mutu gaba ɗaya. Hanya ɗaya ta rage: a ɗaga ƙwayar da ke ajiye bayanan wayar, 'yar aba da ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba, a dasa ta a wani allon. Hannun dama ke riƙe da injin hura iska mai zafi, hannun hagu ke ɗagawa da hantsaki. In hannun ya yi rawa, ko ya ɗaga kafin dalma ta gama narkewa, shi ke nan, muryar ta tafi. Malama ta ƙi ba kowa. Wata uku tana jiransa, kuma ya yi mata alkawarin yau da ƙarfe huɗu.

Ya jawo hannun gem ya shiga saiti. Ya duba taimakon tuƙi, a kashe yake. Ya duba taimakon birki, shi ma a kashe. Ya shiga saitin Gwana ko ta ɗaura wa motarta nauyi, bai ga komai ba. Sai ya ji kunya ta kama shi, kamar mai binciken jakar matarsa. Duk da haka bai tsaya ba. Ya sa tsere shi da motocin na'ura, da aka ba da alamar tashi sai ya ƙi taka totur, ya ƙirga goma, sannan ya tashi. Kafin kwana ta huɗu ya hango su a gabansa, sun rage gudu suna tafiya kamar masu rakiyar amarya, suna jiran ya iso.

Ya daɗe da sanin gem ɗin na haka. Da har yabonsa yake yi. Yakan ce wa abokai waɗanda suka tsara shi sun san halin ɗan Adam, ba sa barin na baya ya yanke ƙauna, ba sa barin na gaba ya yi barci. Ga kyan teku a gefen hanya, ga hasken rana a jikin gilashi. Yau kuwa sai ya ji kamar ya kama baƙo yana yi masa dariya a bayan ƙofa. Ya kashe talabijin, ya haɗiye maganin, ya sa takalmi.

A cikin bas ya riƙe ƙarfen sama da hannun hagu da gangan. Wani mutum ya dube shi ya tashi ya ba shi kujera. Injiniya ya tsaya yana tunanin me mutumin ya gani a jikinsa, har sai da kwandasta ya ce, "Oga, ka zauna mana, ka tare hanya."

Shagon Mai Gem yana bene na biyu a ginin masu waya, talabijin huɗu a jere da benci biyu. Da hantsi babu kowa sai shi, yana goge hannayen gem da tsumma.

"Injiniya da kansa! Wallahi ka fi da ƙiba. Yaushe za a buɗe tebur?"

"Yau, in Allah ya so. Zo mu yi ɗaya."

Suka sa wannan tseren na gaɓar teku. Mai Gem, wanda ya fi shekara ashirin yana kwana yana tashi da gem, ya daki shinge a zagaye na biyu, ya sake dukan wani a na uku. Ya riƙa kama kai yana salati da ƙarfi fiye da yadda abin ya kai.

"Ka gani? Hannunka ya fi na da kyau!"

Injiniya ya ajiye hannun gem. Wayar Mai Gem na kan kantar shagon a kusa da gwiwar hannunsa, fuskarta ta yi haske, ya ga sunan da ke jiki: Matar Injiniya.

"Matata ce ke kiranka."

Mai Gem ya kife wayar da sauri. "Af, kan wani faifai ne da ta ce in nemo mata."

"Wane faifai?"

"Na... wannan sabon na ƙwallo."

"Ba ta yin ƙwallo. Ta ce mutum ashirin da biyu na bin abu ɗaya ba tsari ba ne."

Mai Gem ya yi dariya, ya shiga goge hannun gem ɗin da ya riga ya goge. Injiniya ya yi masa sallama ya sauko. Mai yiwuwa faifan ne da gaske. Mai yiwuwa kuma tun kafin ya hau bas ta san inda zai nufa. Ya tsaya a ƙasan bene, masu kaya na ture shi, yana lissafa mutanen da ya sani a ginin. Duk wanda ya tuna, sai ya tuna ya zo duba shi a asibiti. Duk suna ƙaunarsa, don haka babu wanda zai yi masa amfani.

Saura mutum ɗaya.

Teburin Dogo yana ƙarshen layi, daura da nasa teburin da ke lulluɓe da leda. Wurin maigida ɗaya suka koyi gyara, kwano ɗaya suka ci. Shekara bakwai da suka wuce Dogo ya faɗa a gaban mutane cewa Injiniya ya cika jan aiki don a ce shi gwani ne, Injiniya ya ce gara jan aiki da ƙona wayar mutane. Tun daga nan sai sallama kawai, ita ma a daƙile. Dogo bai je asibiti ba, bai aiko da gaisuwa ba.

Yana sunkuye a kan madubin ƙara girma lokacin da Injiniya ya tsaya a kansa.

"Tsohuwar na'urar gem ɗin nan tana nan?"

Dogo ya ɗago a hankali, ya dube shi tun daga takalmi. "Ba ka mutu ba ashe."

"Ban mutu ba. Tana nan?"

Tana nan, a ƙarƙashin tebur, toka-toka da ita, haɗe da wata 'yar talabijin da aka ɗaure bayanta da salatif. Dogo ya hure ƙura, ya sa tsohon tseren dutse da suke yi tun suna almajiran gyara. Motocin kamar akwatunan ashana, itatuwan kamar an yanka su da almakashi, kiɗan kamar kukan sauro.

"Har yanzu kana tare da wancan mai tekun?" in ji Dogo. "Wancan ba tsere ba ne, renon jariri ne. Ka yi kuskure ya share maka hawaye."

"Hanyoyinsa sun fi tsari. Kowace kwana tana nuna maka kanta tun daga nesa. Wannan naka sai ka haddace, in ba haka ba ka faɗa rami."

"To ai shi ya sa in ka ci ka san kai ka ci."

Injiniya bai musa ba. Suka tashi.

Dogo bai jira kowa ba. Tun a kwanar farko ya matse shi jikin dutse ya wuce, ko waiwaye bai yi ba. Suka sake, ya sake cinye shi. A na uku Injiniya ya riƙe gaba har rabin hanya, sai ga doguwar kwanar hagu ta kan rami, motarsa ta kauce ta bar hanya, ta gangara tana juyi.

Dogo ya ajiye hannun gem. "Uku ba ko ɗaya."

"Na gani."

"Ba ka gani ba, hanya kake kallo. Ni yatsanka nake kallo. In za ka dama, lafiyarka ƙalau. In za ka hagu, yatsan yakan yi jinkiri, sannan ya tafi gaba ɗaya ya wuce inda ka aike shi, sannan ya dawo yana kakkarwa. Sau goma sha ɗaya na ƙirga."

Injiniya ya dubi babban yatsansa. Yana nan kamar kowane yatsa. Sai wani tunani ya zo masa, ya ɗago ido.

"Ka san da maganar wayar Malama?"

"Wa bai sani ba a layin nan? Sau biyu na ce ta kawo, ta ƙi."

"Shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Shi ya sa ka ga sau goma sha ɗaya."

Dogo ya yi tsaki mai tsawo. "Kai dai halinka bai shanye ba. Ka zo da ƙafarka, na faɗa maka, yanzu kuma ni ne maƙaryaci. To kar ka yarda da ni." Ya danna ya fita daga tseren mutum biyu, ya shiga na gwajin lokaci, inda mota ɗaya ce a hanya sai agogo. Jerin sunayen waɗanda suka fi sauri ya fito. A layi na biyu akwai haruffa uku, INJ, da minti ɗaya da daƙiƙa arba'in da biyu.

"Ba ka goge ba?" in ji Injiniya.

"Na kasa wuce shi sai bara. Ba na goge abin da ya ba ni wahala haka. Hau, ni zan je salla. Wannan akwatin bai san ka yi ciwo ba, bai san Malama ba, bai san ni ba."

Injiniya ya zauna shi kaɗai a kan kujerar Dogo. Hanyar na nan a kansa, kowane dutse, kowane rami. Zagayen farko, minti biyu da daƙiƙa ɗaya. Ya ce rashin sabo ne. Na biyar, ɗaya da hamsin da takwas. Na goma, ɗaya da hamsin da bakwai. Ya daina kallon hanya a kwanar hagu ya kalli yatsan, ya gan shi da idonsa: ya tsaya, ya zabura, ya dawo yana rawa. Ƙaramin abu ne. Ba zai hana shi riƙe cokali ko ɗaura agogo ba. A ƙarƙashin madubin ƙara girma kuwa, wannan rawar ta isa ta share ƙafafun ƙwayar ajiya guda ashirin.

Ya ajiye hannun gem a kan cinyarsa. Abin mamaki, ƙirjinsa ya yi sauƙi fiye da yadda yake tun safe.

Ƙarfe huɗu saura kaɗan Malama ta iso, da alli a gefen hannun rigarta, wayar a naɗe cikin hankici. Ta tarar da teburin Injiniya a lulluɓe, shi kuma yana zaune a inda ba ta taɓa ganinsa ba.

"Malama, ba ni zan yi ba," ya ce. "Hannuna bai kai ba tukuna. Shi zai yi."

Ta matse hankicin a ƙirjinta, ta dubi Dogo, ta dubi Injiniya. "Kai da bakinka ka ce min yana ƙona wayar mutane."

Dogo ya juyo. "Haka ya ce?"

"Na faɗa," in ji Injiniya. "Yana da gaggawa, shi ne aibinsa. Amma babu hannun da ya kai nasa tsayuwa a ginin nan, har da nawa lokacin da nake lafiya. Ni zan riƙe iska da dama, ni zan ce masa ya ɗaga. Ba zai motsa ba sai na ce."

"In na ƙara jira fa? Wata uku, wata shida?"

"Ruwa ya shiga allon. Tsatsa ba ta jira. Na riga na sa kin jira fiye da yadda ya kamata."

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta kwance hankicin.

Suka sunkuya kai da kai a kan allon, kamar da can a shagon maigidansu. Iska mai zafi na huci, warin dalma ya tashi. Dogo ya kafa bakin hantsaki a gefen ƙwayar.

"Ta narke," ya ce.

"Ba ta narke ba."

"Ina ganin tana ƙyalli."

"Gefe ɗaya ne. Tsaya." Injiniya ya zagaya da iskar a hankali, sau ɗaya, sau biyu. Gumi ya ɗigo daga haɓar Dogo zuwa kan tebur. "Yanzu. Miƙe sama, kar ka karkata."

Ƙwayar ta taso sumul.

Sai da suka ƙara awa ɗaya da rabi kafin aka dasa ta, aka haɗa allon, fuskar wayar ta kawo haske. Malama ta danna saƙon farko. Muryar wata tsohuwa ta fito, tana faɗa: "Ke, na kira ki sau uku ba ki ɗauka ba. In kin taso ki biyo min da maganin ƙafar nan, ba ja ba, fari. Kin ji ko?"

Malama ta zauna a kan benci ta rufe fuska da hankicin. Dogo ya shiga tattara kayan aiki da ƙara, kamar wanda aka ɓata wa rai.

"Gobe in ka ga dama ka zo," ya ce ba tare da ya dubi Injiniya ba. "Na'urar ba ta zuwa ko'ina. Amma ka zo da kujerarka."

Rana ta yi sanyi lokacin da Injiniya ya iso gida. Yara ba su dawo daga darasin yamma ba. Tun daga baranda ya ji ƙarar inji, ƙofar falo kuma a buɗe take kaɗan. Ya tsaya.

Gwana na zaune a bakin kujera, ko kayan aiki ba ta cire ba, ɗankwali ya zame baya, ta ɗan cije harshe. Ita kaɗai take tsere. Motarta ta nufi kwanar gada da cikakken gudu, ba ta taɓa birki ba, ta kwantar da ita ta goga gefen shinge da tazarar da ba ta kai gashi ba, ta fito kamar kibiya. Ta yi wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ya yi wata uku bai ji ba. Sai a lokacin ya lissafa cewa kullum da safe, kafin ta tafi ta tsaya awa shida a bayan kantar shagon magani, sai ta zauna ta lalata tuƙinta da hannunta, kuma ta yi shi da kyau yadda zai yi kama da kuskure.

Ya yi sallama. Ta zabura, ta danna tsayawa, ta tura hannun gem ƙarƙashin matashi.

"Maigida! Yaya aikin? An yi?"

"An yi. Ta ji muryar."

"Alhamdu lillahi! Ai na faɗa maka hannunka..."

"Dogo ne ya ɗaga. Ni iska na riƙe."

Ta dube shi, tana neman abin da ke fuskarsa. Ya cire takalmi, ya zo ya zauna a gefenta, ya zaro hannun gem ɗin daga ƙarƙashin matashi ya ɗora mata a cinya.

"In ɗauko maka naka?" ta ce a hankali.

"A'a. Ƙarasa zagayenki, saura biyu." Ya jingina da kujera. "Yau kallo zan yi."